Tambaya da Amsa: Tsoffin waƙoƙin rok da aka yi wa rimasta, laifin MP3 ne ko na masu gyara?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato tsoffin waƙoƙin rok masu zafi na shekarun 1970 da 1980, had rok kenan, irin na su Led Zeppelin da Deep Purple da AC/DC, da yadda suke fita a kunne in an sake gyara sautinsu, wato rimasta kenan, an matse su a MP3 ko an ɗora a manhajojin sauraro. Masu kama da juna na haɗe su, masu tsawo kuma na ɗan rage.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah akwai abinda ya daɗe yana damuna. Ina da wani tsohon CD na rok wanda yayana ya bar min, bugun shekarun 1980 ne, sai na samu albam ɗin dai a MP3 mai 320 an rubuta rimasta a jiki, ina kunnawa naji ya fi ƙara sosai har naji daɗi da farko, amma wallahi kafin waƙa ta huɗu kunnena ya gaji kaina ya fara nauyi, tsohon CD ɗin kuwa ko sau biyu na jere shi ba abinda nake ji. Wani abokina yace laifin MP3 ne in nemi FLAC, shin haka ne?

AMSA: Ɗan'uwa abokinka ya bar jaki yana dukan taiki. In ka samo FLAC, wato fayil ɗin da ba a zubar da komai na sautin ba, na wannan rimasta ɗin dai, kunnenka zai gaji a waƙa ta huɗu kamar yadda ya gaji a MP3, domin abinda ke gajiyar da kai tun a sitidiyo aka saka shi, kafin a zo maganar fayil.

Matsalar ita ce abu biyu ne daban ake kira da suna ɗaya, duka ana ce musu matsewa, shi yasa mutane ke cakuɗa su. Na farko matse fayil ne. CD yana ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, bit 16, ɓangaren hagu da dama, in ka lissafa 1,411 kbps kenan, wato yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa, waƙar minti 4 tana cin wajen MB 42. MP3 mai 320 kbps zai mai da ita ƙasa da MB 10, mai 128 kuma ƙasa da MB 4, ta hanyar zubar da abinda aka lissafa cewa kunne ba zai kama ba. Wannan shine aikin da masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi, su Karlheinz Brandenburg, aka fitar da ƙa'idarsa a 1993. Na biyu kuma danne sauti ne, kuma shi ba ruwansa da girman fayil. Mai gyara ne yake ɗaukar wuraren da kiɗa ya yi tsalle, kamar dukan ganga, ya danne musu kai, sannan ya ɗaga komai sama gaba ɗaya yadda waƙar za ta yi ta ruri tun daga farko har ƙarshe ba sassauci.

Ka ɗauka sautin dijital ɗaki ne mai rufi, rufin nan shine sifili, ba abinda ke wuce shi. A CD ɗin farko-farko, na bayan 1982 da aka fara sayar da CD a Japan, kiɗa yana zaune ne can ƙasa, dukan ganga ne kawai ke miƙewa ya kusa taɓa rufi ya dawo. Toh in kana so waƙarka ta fi ta wani ƙara alhali rufin ɗaya ne, ba yadda za ka yi sai ka ɗaga daɓen ɗakin, kaga duk mai tsayi dole ya sunkuya, wanda ya ƙi sunkuyawa a aske masa kai. Ganga ce mai tsayin. A rok kuwa ganga ita ce take sa jiki ya motsa, in ka sunkuyar da ita jita da murya da bes duk sai su dunƙule su zama bango ɗaya, kunne ba ya samun inda zai huta ko na ƙiftawar ido, shine gajiyar da kake ji. Tun wajen tsakiyar shekarun 1990 wannan gasa ta ƙara ta yi ƙamari, kowa yana so faifansa ya fi na kusa da shi amo, kuma akasarin rimasta na tsoffin albam na rok a wannan zamanin aka yi su, daga nan zuwa ƙarshen shekarun 2000. Back in Black na AC/DC misali, wanda aka ɗauka a sitidiyon Compass Point a Bahamas ya fito a 1980, an sake gyara shi a 1994 an kuma sakewa a 2003, kuma na 2003 ya fi CD ɗin farko ƙara nesa ba kusa ba.

Hujjar da nake yawan kawowa ita ce ta Death Magnetic na Metallica a 2008. Ba tsohon albam bane amma ya tona asirin abin. CD ne cikakke, ba MP3 ba, ba abinda aka zubar na fayil, amma an danne shi har sautin yana tsagewa, sai ga shi an saka waƙoƙin a wasan bidiyo na Guitar Hero ba tare da wannan dannewar ba, masoya suka kwatanta suka ji na cikin gem ya fi na CD numfashi, har dubban mutane suka sa hannu a takardar koke suna neman a sake gyarawa. A wannan shekarar dai mai gyaran sauti Bob Ludwig ya gyara Chinese Democracy na Guns N' Roses, ya ba su samfuri uku, suka zaɓi wanda ba a danne don ƙara ba. Shekara ɗaya, na'ura iri ɗaya, CD iri ɗaya, bambancin kawai shawarar mutane.

Amma kada in wanke MP3 tas, akwai inda yake ƙara wa ciwon gishiri. In an riga an manna waƙa da rufi, lokacin da aka matse ta aka sake buɗewa igiyar sautin ba ta dawowa daidai yadda take, wasu kawunan suna ɗan ƙara tsayi, tunda kuma ba a bar musu wuri ba sai su bugi rufi su tsage, shine wani ɗan ƙaras-ƙaras da ake ji a kan dukan ganga ko inda mawaƙi ya ƙure murya. Saboda haka ne Apple ta fito da tsarin Mastered for iTunes a 2012 tana cewa masu gyara su bar sarari kamar desibel 1, wato ma'aunin ƙara, ƙasa da rufi, Spotify ma shawarar da take bayarwa kenan, har tace in waƙar mai ƙara ce sosai a bar 2. Tsohon CD ɗinka yana da wannan sararin har da ragowa, don haka in ka mai da shi MP3 mai 320 ko 256 da kanka zai fito lafiya lau. Abinda zan ce ka yi kenan, ka kwafe CD ɗin yayanka a kwamfuta ka ajiye kwafi ɗaya a FLAC, ka fitar da MP3 ko AAC, wani tsarin matse fayil ne irin MP3, daga ciki ka saka a waya, in ka ji ya yi ƙasa ka ƙara murya da hannunka.

TAMBAYA: Malam ni mace ce kuma ina son Led Zeppelin sosai musamman gangar John Bonham. Amma wasu fayilolin da nake dasu in mai ganga ya daki faifan ƙarfen nan sai inji kamar ana watsa ruwa a kwano, wani shuuu-shuuu mai juyawa, a wasu kuma ba haka bane. Iyafis ɗina ne ya lalace ko me?

AMSA: 'Yar'uwa iyafis ɗinki lafiyarsa ƙalau, kunnenki ne mai kyau. Wannan karon kam laifin matse fayil ne, kuma in kika duba za ki samu masu yin hakan 128 kbps ne ko ƙasa da haka, ko kuma an matse su fiye da sau ɗaya.

Dabarar MP3 gaba ɗaya a kan abu ɗaya ta tsaya, babban sauti yana rufe ƙarami. In injin yana ruri kusa da ke wani ya yi miki raɗa ba za ki ji ba, toh MP3 sai yace tunda ba za a ji raɗar ba me zai sa in ɓata wuri in ajiye ta. Wannan lissafin yana tafiya daidai a kiɗan da yake da sarari, murya da jita ɗaya misali. Had rok kuwa shine ya fi ba shi wahala, saboda jitar lantarki da aka ƙure har ta yi kaushi tana cika ko'ina daga ƙasa har sama, ga simbal, wato faifan ƙarfen da kika ce, shi kuma sautinsa tamkar yayyafi ne mara tsari a can sama, ba shi da wani zubi da na'ura za ta gajarta. Sai bit ɗin su kasa isa kowa, manhajar ta riƙa kunna wasu sassan sama tana kashewa daga wannan ɗan yanki zuwa wancan, wannan kunnawa da kashewar ita ce juyawar ruwan da kike ji. Ƙari a kan haka a 128 yawanci ana yanke duk abinda ya haura wajen 16 kHz a ma'aunin sirantar sauti, alhali kunnen yaro yana kaiwa 20 kHz. Babba da yawa ba ya ma jin sama da 16 ɗin, don haka yankewar ba ita ce babbar ɓarna ba, juyawar ce.

Akwai na biyu da ya shafi ganga kai tsaye. MP3 yana yanka sauti gunduwa-gunduwa, kowace wajen kashi 13 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya, in duka mai kaifi ya faɗo a tsakiyar gunduwa sai dattin lissafin ya bazu har gaban dukan, kiji kamar wani ɗan hucin iska ya riga sandar sauka. An tanadi gajerun gunduwoyi domin irin wannan amma ba kullum suke isa ba, kuma nan ne AAC da ya zo a 1997 ya fi shi, nasa gajerun sun fi gajarta. Shi yasa AAC mai 256 da Apple Music ke amfani da shi, ko Vorbis mai 320 na Spotify, ko Opus na YouTube, suke riƙe simbal fiye da tsohon MP3 mai 128.

Tunda Bonham kike so, ki gwada da When the Levee Breaks ta 1971. Gangar nan a zauren matakala na wani tsohon gida mai suna Headley Grange a Ingila aka ajiye ta, mai ɗaukar sautin Andy Johns ya rataya makirfo biyu daga sama, don haka rabin abinda kike ji ba fatar ganga bace, amon gidan ne yake dawowa. Wannan jelar amon da ke bin bayan kowane duka tana lafawa a hankali, ita ce nake saurara in ina so in san fayil mai kyau ne ko a'a, a fayil mara kyau jelar takan yi rawa ko ta gutsure kafin lokacinta, sai zauren ya koma kamar ƙaramin ɗaki. Wallahi ranar da mutum ya ji ta cikakkiya zai gane abinda yasa ake ta maganar gangar nan fiye da shekara 50.

TAMBAYA: Ina da manhajar da ke mai da MP3 mai 128 zuwa 320 har ma FLAC. In na juya duk waƙoƙina zasu gyaru?

AMSA: A'a malam, kar ka ɓata lokacinka da wurin ajiyarka. Abinda aka zubar ya tafi, fayil ɗin ne kawai zai kumbura. In ma zuwa 320 ka juya ƙara lalacewa zai yi, domin matsewa ta biyu ce a kan ta farko. Kuma irin wannan ya cika intanet, a rubuta 320 ko FLAC alhali asalinsa 128 ne. In kana shakkar wani fayil ka buɗe shi a manhajar Spek ko Audacity ka duba hoton sautin, in ka ga an yanke saman a miƙe kamar da reza a wajen 16 kHz toh akwai alamar daga ƙaramin MP3 ya fito.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne, tun ina saurayi nake sauraron waɗannan mutanen a faifan garmaho da kaset. Jikana ya saka min wasu a waya, naji waƙar ita ce amma gangar ba ita bace, wata ma kamar ba mai bes ɗin da na sani bane yake kaɗawa. Yaran suna cewa tsufa ne ya taɓa min kunne. Ka raba mu gardama.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ina ganin gaskiya tana wajenku. Akwai rimasta akwai rimiks, kuma ba ɗaya bane ko kaɗan. A rimasta ana ɗaukar tef ɗin ƙarshe ne wanda aka riga aka haɗa komai a ciki, hagu da dama, a ɗan ƙara nan a rage can, ba a iya cire ganga a bar jita. A rimiks kuwa ana komawa ga babban tef mai layi-layi, 8 ko 16 ko 24, inda kowane kayan kiɗa yake da layinsa, a sake haɗawa daga tushe, kuma a nan mutum zai iya canja duk abinda ya ga dama.

An sha yi kuwa. A 1987 da aka tashi fitar da tsoffin albam na ZZ Top a CD cikin wani kundi mai suna Six Pack, sai aka sake haɗa su aka lulluɓe gangar da irin amon da ake yayi a shekarun 1980, wanda ya san faifan asali yana ji zai ce wannan ba ita bace, kuma haka aka yi ta sayar da su shekara da shekaru, sai a kundin 2013 aka dawo da haɗin asali gaba ɗaya. Na Ozzy Osbourne ma ya fi wannan, a bugun 2002 na Blizzard of Ozz da Diary of a Madman cire bes ɗin Bob Daisley da gangar Lee Kerslake aka yi ɗungurungum, lokacin ana rigimar kuɗin haƙƙi da su, aka sa Robert Trujillo da Mike Bordin suka sake kaɗawa, sai a 2011 aka mayar da na asali. Kaga Baba in irin wannan bugun jikanku ya saka muku, da gaske ba mai bes ɗin da kuka sani bane. Ni dai a ganina wannan bai dace ba, aikin da mutum ya yi da hannunsa ya shiga tarihi ba a goge shi.

Ba duk rimiks ne ɓarna ba. Machine Head na Deep Purple, wanda suka ɗauka a wani otal a Montreux ta Suwizalan a Disambar 1971, mai bes ɗinsu Roger Glover ya sake haɗa shi a 1997 na cikar shekara 25, amma sai aka saka shi a faifai daban, na asali ma yana nasa faifan, kowa ya zaɓi nasa. Haka ya kamata a riƙa yi. Ku ce wa jikan ya duba shekarar da aka rubuta a gefen sunan albam ɗin da kalmar da ke biye da ita, sau da yawa a manhaja ɗaya akwai bugu biyu ko uku na albam ɗaya.

TAMBAYA: Malam naga Apple Music sun kawo sauti mara matsewa, abokaina kowa yana cewa ya ji bambanci sosai. Ni da hedfon na Bluetooth nake ji kuma gaskiya ban ji komai ba, data kawai yake sha. Ni ne ban iya ji ba?

AMSA: Ba kai bane, kuma na ji daɗin da ka faɗi gaskiya. Tun 2021 suka kawo shi, amma Bluetooth hanya ce ƙarama, yawancin hedfon suna amfani da tsarin matsewa na SBC wanda iyakarsa a ingantaccen saiti wajen 328 kbps ne, ko AAC, ko LDAC na Sony mai kaiwa 990, duka kuwa ba wanda ya kai 1,411 na CD. Wato wayarka tana karɓar fayil cikakke sannan ta matse shi da kanta kafin ta tura wa kunnenka. In kana so ka ji shi yadda yake sai da hedfon mai waya.

Ko da mai wayar ma, AAC mai 256 ko MP3 mai 320 da aka yi da manhaja mai kyau irin LAME, mafi yawan mutane ba sa iya bambance shi da CD in ba su san wanne ake kunna musu ba. Abokanka ba ƙarya suke yi ba, abu biyu ne ke yaudararsu. Ɗaya, sun san wanne ne wanne, zuciya kuma tana ji kafin kunne. Biyu, ƙara, in ɗaya ya ɗara ɗaya ko da ƙasa da desibel 1 ne, kunne zai ce wanda ya ɗara ya fi kyau ya fi cika, ba zai ce ya fi ƙara ba, kuma wannan raunin namu ne dama ya haifar da gasar ƙarar da na yi bayani a sama. Wani lokacin ma bugu biyu daban suke kwatantawa ba su sani ba, rimasta na wata shekara a wannan manhaja, na wata shekarar a waccan.

In kuna so ku kashe gardamar akwai hanya. A kwamfuta ku saka manhajar kunna waƙa ta foobar2000 da ɗan ƙarinsa na gwajin ABX, ku ɗauki FLAC ɗaya ku fitar da MP3 daga jikinsa, manhajar za ta riƙa kunna muku ɗaya a ɓoye ku faɗi wanne ne, ku yi sau 16. Wanda ya ci 8 ko 9 canki-canka ya yi, wanda ya ci 13 ko sama toh da gaske yana ji. Ku fara da 128 a waƙa mai simbal da yawa don ku koyi abinda ake nema, sannan ku haura 192, ku haura 320, kowa zai ga inda kunnensa ya tsaya. Amfanin FLAC na gaskiya a ajiya yake, tun da Josh Coalson ya fito da shi a 2001 aikinsa kenan, yana rage girma zuwa kusan rabi ko sama kaɗan ba tare da ya zubar da ko bit ɗaya ba, daga shi kake fitar da duk irin fayil ɗin da kake so gobe.

Wani abu kuma, ka bar saitin daidaita ƙara a kunne. Spotify tana jawo waƙoƙi zuwa ma'auni ɗaya, 14 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙara na LUFS, Apple tana da nata mai suna Sound Check. Da wannan saitin rimasta mai ruri ana rage masa murya ne ya dawo daidai da sauran, a nan ne za ka ji tsohon bugu gangarsa tana tsalle shi kuma sabon yana kwance shafal.

TAMBAYA: Malam na lura kamar kai ba ka son rimasta ko kaɗan, kullum tsoho kake yabo. Shin babu mai kyau ne a cikinsu? Ai fasaha ta ci gaba.

AMSA: Akwai mana, da yawa ma, kuma in maganata ta sa ka fahimci haka toh bari in gyara. Dannewa nake ƙi, ba gyara ba. Tsoffin CD ma ba duka ne na kirki ba, a shekarun 1980 kamfanoni suna sauri su cika kasuwa, wasu albam ɗin ba daga tef na asali aka ɗauko su ba, daga kwafi ne ko kwafin kwafi, wani ma tef ne da aka riga aka daidaita domin yanka faifan garmaho, ga na'urar mai da sauti dijital ta lokacin ba ta kai ta yanzu ba. Irin waɗannan in ka ji su za ka ji shuu na tef ya yi yawa, sautin ya yi siriri ko ya dushe.

Kuma tef ba ya dawwama. Wasu nau'in tef na tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1980 gam ɗin jikinsu yana shan danshi ya yi danƙo, in aka kunna haka sai ya riƙa barin jikinsa a kan na'ura, dole sai an gasa shi a zafi kaɗan, wajen digiri 50 zuwa 55, na sa'o'i da yawa, sannan a samu damar kwafe shi. Mutumin da ya zauna ya yi wannan aikin, ya daidaita kan na'ura da tef ɗin, ya kwafe a bit 24, ya gyara gudun in ya kauce, sannan ya bar gangar da tsayinta, wallahi ya yi wa kiɗan hidima babba kuma na jinjina masa.

Led Zeppelin sun isa misali domin an bi ta kansu sau da yawa. CD ɗin farko na shekarun 1980, sai mai jitarsu Jimmy Page da mai gyaran sauti George Marino suka sake a 1990, sai kundin Mothership na 2007 wanda ya fito da ƙara sosai, sannan Page ya sake bin albam ɗin ɗaya bayan ɗaya a 2014 da 2015, kuma waɗannan na ƙarshen an sassauta musu, ba su kai Mothership ruri ba. Ni a kunnena na 2014 ɗin sun zauna daidai, kuma a AAC mai 256 ba abinda suke rasawa da zan iya nuna maka da yatsa.

Dama can neman ƙara ba da CD ya fara ba. Led Zeppelin II da ya fito a 1969, yankan farko na Amurka Bob Ludwig ne ya yi shi, da zafi da bes mai nauyi, har allurar ƙananan garmaho ta riƙa tsalle daga layi, dole aka janye aka sake yankawa da sanyi. Masu tara faifai har yau suna neman wanda aka ƙarce harufan RL a kusa da tsakiyarsa. Bambancin shine a faifai allura ce ke taka wa mutum birki, in ka wuce gona da iri ta yi tsalle kowa ya gani, a dijital kuwa ba abinda ke tsalle, sai dai a yi ta askewa.

Don haka in kana da bugu biyu kana so ka zaɓa, ka daidaita ƙararsu tukuna, ko da saitin daidaita ƙara na ReplayGain ko da hannu, ka rage wa sabon har su yi kai ɗaya, sannan ka nemi wurin da waƙar ta yi sanyi kafin ganga ta shigo. Ka saurari shigowar a na farko, ka saurara a na biyu. Wanda gangar ta sa ka ɗan zabura shi za ka ajiye, ko 1987 aka rubuta a jikinsa ko 2014.